Ranar da Matan Argungu Suka Zo Walimar Abbas

Ni Tamba direba, ni na riga kowa ganin abin nan. Kafin na'urarsu ta boko ta gani, kafin daktoci su haɗa kai suna goge tabarau, ni na gan shi, a tsaye ma, ina wanke mota a ƙofar gidana a Gwadangaji. Ban taɓa zama a aji ba ko na wuni guda. Amma shekara arba'in da ɗaya ina bin hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu. Mota uku ta mutu a hannuna, ni ina nan. Ruwan fadama ya taɓa tafiya da ni da mota da buhunan albasa, ya dawo da ni ni kaɗai. Wanda ya ga wannan, babu yaron da zai ɓoye masa abu a fuska.

Abbas ɗan marigayi Dikko maƙwabcina, malami a jami'a, wanda ko sallama sai ya ga dama yake mini, shi ne ya tako har inda nake, ya rage tsawo.

"Baba Tamba, inda kake sauke Hanifa a Argungu, wace unguwa ce? Kuma daga nan kilomita nawa?"

Na faɗa masa unguwar, na ce kilomita kam ban sani ba, ramuka na sani. Ya danna sunan unguwar a waya, ya yi gaba. Na bi shi da kallo, na ce a raina yaron nan yana shirin zuwa Argungu ba tare da ya taka Argungu ba.

Hanifa ƙanwarsa ce, autar Hajiya Balaraba, tana ajin ƙarshe a jami'ar da yake koyarwa. A can ba a ba ɗalibi takardar gamawa sai ya yi bincike ya rubuta kundi. Ita ta ɗauki nata a kan matan bakin gulbi masu gumin shinkafa, waɗanda ke jiƙa shanshera su turara ta a duro su shanya kafin a kai inji. Tambayarta guda ce: me ya sa ta wasu ke fitowa daga inji tsaye cur, ta wasu kuma ta dawo duk a karye?

Ranar farko ta dawo kamar za ta yi kuka. Shugabarsu, Inna Ma'u, ta dubi takardar tambayoyinta ta ce, "Ɗiyata, mu ba mu magana da takarda. Aje ta, ɗauki masaki." Wata huɗu Hanifa tana ɗaukar masaki. Ta hura wuta, hayaƙi ya mai da idonta ja. Tururi ya ƙona mata tsintsiyar hannu. Ta koyi sanin shinkafa ta isa da ƙamshi, da yadda bakin ƙwaya ke tsagewa. Gida talatin da bakwai ta shiga, gidajen da namiji baligi ba ya wuce zaure. A ƙarshe ta kamo abin: waɗanda ke ɗauke shanya daga rana tun da sauran danshi su ƙarasa ta a inuwa, su ne tasu ba ta karyewa.

Ranar da ta gama rubutu, da rawa ta shiga gida. Ta ɗaga Hajiya Balaraba daga kan tabarma ta juya ta sau biyu.

"Ke, za ki karya ni! Sake ni, ja'ira!"

"Inna, na gama! Shafi tamanin da shida! Ki shirya lalle, ɗiyarki ta zama malama!"

"To malama, tuwon na kan wuta yana jiran digirinki."

Cikin wannan murnar ta miƙa wa Abbas kundin a waya. "Yaya, don Allah duba mini Turancin, kada in ji kunya gaban Dakta Priscilla." Dakta Priscilla ita ce shugabar sashensu, 'yar Filato, shekara ashirin tana zaune a unguwar Gesse, kuma ɗalibai na cewa gara ka haɗu da kura da ka haɗu da jan bironta. Abbas ya ce babu komai, ai aikin yaya ke nan. Ya riƙe kundin wata biyu da rabi. Kullum ta tambaya, sai ya ce saura kaɗan, Turancinta ne ke da taurin kai.

Da ya dawo mata da shi, ta kai jami'a. Suna da na'ura a can, wai ana zuba mata rubutu ta bi duniya ta dubo ko an taɓa rubuta irinsa. Aka zuba na Hanifa. Kusan duka ya fito da ja, alamar an riga an buga shi a wani wuri.

Dakta Priscilla ta kira ta ofis, ta juya mata fuskar kwamfuta. Ga wata mujallar masana ta fito wata guda da ya wuce. Ga gidaje talatin da bakwai. Ga shanya a inuwa. Ga maganar Inna Ma'u an mai da ita Turanci. A sama, suna ɗaya tal: Abbas Dikko.

"Hanifa, kin san hukuncin kwafe. Kwamiti zai zauna nan da mako uku. Kina da abin cewa?"

Hanifa ta miƙe. Ta ce za ta je gida tukuna.

A Keke Napep ɗin da ya kawo ta Gwadangaji har dariya ta yi ita kaɗai. Kuskure ne mana. Yaya zai ɗauki waya ya ce a ƙara sunanta, shi ke nan. Ta tarar da shi a tsakar gida yana cin dafaffiyar gyaɗa, ƙafa bisa ƙafa.

"Au, sun nuna miki? Ina ta so in gaya miki, sai hidima."

"Yaya, aikina ne fa."

"Wa ya ce ba naki ba ne? Amma da wane Turanci? Kin san yadda na sha wuya a kansa? Ni na mai da shi abin karantawa."

"Waƙafi ka gyara, Yaya. Na duba."

"To ai waƙafi shi ne rubutu. Kuma ki duba da kyau, Dikko aka rubuta. Ke ba Dikko ba ce?"

Hajiya Balaraba na tsintar wake a gefe, ba ta ɗago ba. "Ashe abin bai fita gida ba ma. Ni na ɗauka wani bare ne ya ɗauka."

Da ma takardar bincike ɗaya a mujalla ta rage wa Abbas a ƙara masa girma, shekara uku yana nemanta. Kwana huɗu bayan wannan magana wasiƙar ta iso: ya zama babban malami. Wayyo, ku zo ku ga gidan Dikko! Hajiya ta yi guɗa har muryarta ta dushe. Aka fitar da anko, shuɗi mai ratsin zinari. Aka ɗaure rago a gindin dalbejiya, yara suka raɗa masa Farfesa. Aka sa shafin farko na mujallar a gilashi aka rataya a falo, saman hoton marigayi. Duk wadda ta shigo barka sai Hajiya ta ja ta ta nuna mata, ta bi layukan da yatsa kamar tana karantawa. Aka sa walima ranar Asabar, kwana biyu kafin zaman kwamiti.

Hanifa kuwa an manna sunanta a allon sanarwa. 'Yan ajinsu na ɗinkin kayan bikin gamawa, suna gardamar jihar da za a tura kowa bautar ƙasa, in ta iso sai hirar ta koma ta tsadar atamfa. Wani ya rubuta a zauren wayarsu na aji cewa ko sata za a yi, a riƙa fita waje, ba a cikin gida ba. Aka yi ta turo fuskokin dariya.

Abin da ya rage mata shi ne muryoyin matan da ta naɗa a waya. Wata safiya ta fito wanka ba ta ga wayar ba. Da la'asar Abbas ya miƙo mata ita a sabuwar riga.

"Na ga tana miki nauyi, na kai an wanke ta. Yanzu ji yadda take gudu."

Ta duba. Fes. Ko tari ɗaya na Inna Ma'u bai rage ba.

"Ba ki gode ba?" in ji Hajiya. "Har riga ya saya mata."

Daga nan aka shiga lallashi. Abbas ya ce abin ba shi da wuya. Ta rubuta wa kwamiti cewa ta ga aikin yayanta ya burge ta, ta kwafa cikin rashin sani, tana neman afuwa. Gargaɗi kawai za a yi mata. Da ta tsare shi da ido, ya ce to, ƙila a ƙara mata shekara. Da ta ci gaba da kallonsa, ya ce ko korar ce ma, ai akwai wasu makarantun, shi zai tsaya mata.

"In ni aka kama fa? Aikina ya tafi. Ki dubi Inna. Ki dubi gidan nan. Ke ko kin karɓi takardar, a ƙasan akwati za ta ƙare a gidan wani."

"Wata huɗu ina shan hayaƙi, Yaya."

"Allah zai ba ki lada. Ai ba a yin alheri a tsaya ƙirga."

Hajiya ta daina cin abinci a gabanta. In Hanifa ta shigo, sai ta ɗaure kai da ɗankwali ta kwanta tana kiran hawan jini. In ta fita, sai a ji ta a waya tana ciniki da masu rumfa da kujeru, murya garau. Aka kira ƙanen marigayi, Baffa Abdussamadu, ya zauna ya sha fura kwano guda, ya ce shi a saninsa duk abin da ƙarami ya samu na babba ne, haka suka taso. Da zai fita ya tambaya ko za a ajiye masa kan ragon.

Ranar Alhamis Abbas ya yi mata shiftar takardar neman afuwar, ta rubuta da hannunta. Ya karɓa ya duba, ya gyara mata waƙafi biyu. Ranar Juma'a ta kai ofis. Dakta Priscilla ta karanta, ta sake karantawa, ta dube ta ta saman tabarau.

"Kin tabbata?"

"Na tabbata, Ma."

"Da wannan takardar kora ce, ba gargaɗi ba. Sai Litinin zan miƙa."

Asabar ta waye Hanifa na gindin murhu. Ita aka bar wa shinkafar walima, wai ai ita ce gwanar shinkafa. Maza suka cika rumfa a waje, abokan aikin Abbas da manyan riguna. Mata suka cika tsakar gida. Aka ba Dakta Priscilla kujerar roba kusa da Hajiya, don Abbas da kansa ya kai mata kati, yana so a ga shugaba ta zo. Ana ta raba lemo, ana ta ɗaukar hoto.

Sai aka ji guɗa daga bakin titi. Ba irin ta Gwadangaji ba, mai ɗan siriri. Wannan irin ta bakin gulbi ce, wadda ake jiyowa daga wancan ƙetare. Kafin a tambayi lafiya, mata goma sha huɗu sun ratsa rumfar maza a jere, kowace da ƙullin shinkafa a ka, ɗaya na kaɗa ƙwarya. Inna Ma'u ce a gaba, ta ci ado da zanen sallarta.

"Salamu alaikum masu gida! Ina ɗiyata? Ina mai littafi?"

Hanifa ta fito daga madafa da ludayi a hannu, fuska duk zufa. Suka yi kanta. Wannan ta rungume, waccan ta goge mata fuska da gefen mayafi, wata ta ɗaure mata sabon ɗankwali. Suka sa ta a tsakiya suna juyi suna kiran sunanta cikin waƙa. Yaran gida suka shiga rawa. Matan unguwa ma da ba su san kan zancen ba suka kama tafi. Hanifa ta ji dariya ta kuɓuce mata, ta farko cikin mako uku, ga hawaye na bin ta.

"Haba Hajiya," in ji Ma'u tana haki, "ranar walimarta kunka sa ta girki? Ku mutanen birni ba ku da tausai. Munka ji littahinmu ya hito, nic ce wallahi ko da rarrahe sai mun taho."

Hajiya Balaraba ta yi murmushin da bai wuce haƙora ba. "Sannunku da hanya. Ai walimar ta yayanta ce. Shi ya yi littafin."

Daidai nan Abbas ya shigo cikin babbar riga fara, rungume da gilashin mujallar, mai hoto na biye da shi. Ma'u ta dube shi daga hula har takalmi.

"Wanga? Mi yar rubuta?"

"Aikin gumin shinkafa," wata ta amsa daga baya.

"Gumin wa?"

Dakta Priscilla ta ajiye lemonta a ƙasa. Hausarta ta Filato ce, a miƙe. "Mama, sannu da zuwa. Ba ki san Malam Abbas ba? A rubuce yake cewa ya shiga gidajenku talatin da bakwai, ya zauna da ku."

Sai matan Argungu suka fashe da dariya. Wata ta zauna a ƙasa tana riƙe ciki. Nana Aisha, ƙaramarsu, ta ce, "Gidana? Da wanga gemu? Da maigidana ya biyo shi da taɓarya har tasha!"

"Ku bari," in ji Ma'u, ita ba ta dariya. "Hajiya, ku yi muna bayani. In an buga ga takarda cewa ƙato ya shiga ɗakunanmu, mu aka yi ma ƙazafi. Muna da maza, muna da surukai. Kai, yaro, yaushe ka shiga gidana?"

Abbas ya gyara riƙon gilashi. Ya ce ai a ilimance in an ce mutum ya shiga, ba lallai da ƙafarsa ba. Ya ce akwai abin da ake kira mataimakin bincike. Ya fara jero Turanci. Mai hoto, Allah ya shirye shi, bai daina ɗauka ba.

Dakta Priscilla ba ta ko kalle shi ba. Ta juya ga Hanifa.

"Takardar da kika kawo mini jiya tana cikin jakar nan. In miƙa ta ranar Litinin?"

Hanifa ta dubi uwarta. Hajiya ta miƙe tsaye, ta dafa ƙirji, ta yi ƙasa da murya yadda na kusa kaɗai za su ji.

"Hanifa. Ni na haife ki. Ki san abin da za ki faɗa."

Hanifa ta ajiye ludayin. Ta dubi ragon da aka jera a faranti, da ankon da ba a ɗinka mata ba sai da ta roƙa, da tabon tururi a hannunta. Ma'u na riƙe da ɗaya hannun, tafinta kaushi kamar buhu.

"Kada ki miƙa, Ma. Hannuna ne, amma shifta aka yi mini. Kundin ni na rubuta, tun daga bisimilla har ƙarshe. Inna, ki yi haƙuri."

Nana Aisha ta saki guɗa. Hajiya ta shige ɗaki ta banko ƙofa. A waje maza suka fara tuna suna da wani ɗaurin aure a Ambursa. Baffa Abdussamadu dai bai tafi ba sai da aka naɗe masa kan rago.

Wa ya gaya wa matan? Ranar Juma'a da na sauke fasinja a Argungu, Ma'u ta tare ni tana tambayar ɗiyarta shiru kwana biyu. Na ce littafinku ya fito, gobe walima. Ban ƙara ba, ban rage ba. Wa zai ce na yi ƙarya? Da safe na kwaso su, goma sha huɗu a motar mutum goma, ban karɓi ko sisi ba, ko ɗan sanda ɗaya bai iya tsai da ni ba.

Kwamiti ya zauna. Hanifa ta tsaya ta kare kundinta awa biyu, aka ba ta sakamakonta. Abbas an janye ƙarin girman, maganarsa tana gaba har yanzu.

Kada ku ce an gama da daɗi. Wata bakwai ke nan, kullum da safe Hanifa na durƙusawa a ƙofar ɗakin uwarta ta ce ina kwana, Hajiya na ƙara muryar rediyo. Ranar da ta karɓo takardarta ta kawo ta nuna, ba wanda ya miƙa hannu. A gidan nan har yau ba a sami mutum ɗaya da ya buɗe baki ya ce Abbas ya yi sata ba. Cewa suke ya ara. Wadda aka kwashe wa aikin wata huɗu, aka goge mata waya, aka sa ta rubuta da hannunta cewa ita ce ɓarauniya, ita ce mai laifi a bakin dangi, wai ta tona asirin gida. Asirin wa? Da ta yi shiru an kore ta, da tuni ana yabonta da biyayya, ana cin shinkafar da ta dafa. Kuma ba gidan Dikko kaɗai ba ne. Ina ɗaukar ɗalibai a motar nan, ina jin abin da suke faɗa in sun ɗauka tsoho ba ya ji.

Wanda ya ce ƙarya nake, ya same ni a tasha gobe da hantsi. Gidan gaba zan ba shi, kyauta. In mun isa bakin gulbi zan tsaya daga nesa, shi ya yi sallama a zauren Ma'u, ya ɗaga murya ya ce Abbas ne ya rubuta littafin. In ya dawo da hularsa a kai, na bar tuƙi.